Ruwan Zafin Inna

Shekara da shekaru ƙashin gindin babban yatsana na ƙafar dama yana turowa waje, har yatsan ya karkace ya hau na kusa da shi. Duk takalmin da na saya a kasuwar Haɗeja sai na kai wa baduku ya buɗa shi. Da tsayuwa a aji ta gagare ni, don koyarwa nake a firamare, na yarda aka yi mini aiki a Kano. Aka kankare ƙashin, aka miƙe yatsan, aka sa siririn ƙarfe ya riƙe shi. Likita ya kafa mini doka: mako shida kada ruwa ya taɓa wurin, kada kowa ya murza.

Kwana biyu da dawowata sai ga Inna, mahaifiyata, daga Kafin Hausa, da kwanon man shanu da tsummanta na gasa ciwo. Ita ke gasa targaɗen duk unguwarsu, ita ta yi mini wankan jegon 'ya'yana huɗu. A wajenta, ciwon da bai sha ruwan zafi ba, ba a ma fara jinyarsa ba.

Washegari da hantsi ta shigo da baho yana tururi.

"Miƙo ƙafar."

"Inna, likita ya hana."

"Likitan da aka haifa jiya? Shi da ruwan sanyi aka rene shi?"

Na yi dariya, amma na janye ƙafata. Ta fita ta zubar da ruwan a gindin darbejiya. Haka muka yi ta yi kullum, ta dafa, in ƙi. Ni kuwa tsoro nake ji na gaske, kada wurin ya ruɓe a sake kwantar da ni a yanka. A rana ta biyar haƙurina ya ƙare.

"Inna, so kike a yanke mini ƙafa?"

Da bakina na faɗa, kuma magana zarar bunu ce. Ta ɗauki bahonta ta fita. Ranar ta wuni kan tabarma a ƙofar ɗaki, hannuwanta a cinya, tana amsa gaisuwar 'yan dubiya. Da la'asar na ji tana ce wa maƙwabciyata, "Gobe zan koma. Ba ni da abin yi a nan." Na juya fuskata bango na yi kuka. Ba na so ta tafi, ba kuma zan iya ba ta ƙafar ba.

Da safe ta ɗaure kayanta ta shigo sallama. Na ce, "Inna, ko akwai ruwan zafi?"

Akwai. Ashe ko ranar sai da ta ɗora. Ta kawo ta durƙusa, na miƙa mata ƙafar hagu. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

"Wannan ai lafiyarta ƙalau."

"Ita kaɗai ke ɗauke da ni, Inna. Ta gaji."

Ta gane, ni ma na san ta gane. Ta tsoma tsumman, ta matse, ta danna mini a diddige. Na ƙwalla ƙara.

"Yi mini shiru, raguwa," in ji ta.

Ta gasa har ruwan ya huce, ta shafe ƙafar da man shanu. Sannan ta tashi ta kwance ƙullin kayanta.