Baba Timotawus Nomau da Ƙofar Majami'ar Challawa

Haihuwa da Karatu

An haifi Baba Timotawus Nomau a shekarar 1947, a ƙauyen Gidan Tambai da ke ƙasar Ƙaraye. Shi ne ɗa na huɗu a wurin mahaifinsa Nomau, manomin dawa da gyaɗa, da mahaifiyarsa Kande. Babu wanda ya rubuta watan, abin da mahaifiyarsa ta riƙe kawai shi ne ana cikin cirar gyaɗa. Iyayensa na cikin mutanen farko da suka karɓi bangaskiyar Kirista a wannan yanki, shi kuma aka yi masa baftisma a rafin garinsu a 1961.

Ya yi shekara uku a ajin koyon karatu na mishan, sannan gona ta janye shi. Ya fita da iya karanta Maganar Allah da Hausa da rubuta sunansa. Turanci kuwa bai taɓa shiga kansa ba, shi ma bai matsa masa ba.

Aiki da Iyali

A 1968 ya shigo Kano, ya yi shekara tara yana dakon buhuna a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai, ya ƙara huɗu a wata masaƙa a Sharada kafin a rage ma'aikata da shi a ciki. A 1981 ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin ruwan magani domin cire gashi, kuma a nan ya ƙare ƙarfinsa har aka rufe kamfanin a 2007. Abokin aikinsa, Malam Mustapha, mutumin Kumbotso, shi ne yake riƙe masa aikin Lahadi, Baba kuma yana riƙe masa na Juma'a, suka yi shekara ashirin da shida a haka ba tare da wani manaja ya sani ba.

Ya auri Damaris 'yar Malam Bawa a 1973, suka zauna a gidan haya a Panshekara. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka rasu tun suna goye.

Hidimarsa a Ƙofa

Duk wanda ya san aikin jima ya san warinsa ba ya jin sabulu. Da Baba Timotawus ya lura mutane suna ɗan matsawa idan ya zauna kusa da su a ƙaramar majami'ar da ke bayan masana'antun Challawa, sai ya koma bencin ƙarshe, dab da ƙofa, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Daga nan ne, wajen 1984, tsaron ƙofa ya faɗo hannunsa, ba da zaɓe ba, ba da takarda ba.

Ana fara sujada da ƙarfe takwas na safe, a daidai lokacin da ake sallamar masu aikin dare, su kuma ba sa barin inji sai mai karɓarsu ya iso. Saboda haka kullum a makare suke zuwa, da dogayen takalman roba da jajayen idanu. Baba ya ajiye musu bokitin ruwa da sabulu a bayan gini, ya hana kowa zama a benci biyu na ƙarshe, ya kuma bar gefe ɗaya na ƙofar a buɗe har a tashi. Wanda gyangyaɗi ya ɗauke a tsakiyar wa'azi ba ya tashinsa, sai an zo sa albarka yake taɓa kafaɗarsa. An taɓa yi masa magana a kan haka, ya ce, “Mutum ya kwana a tsaye, ya wuce gadonsa ya zo gidan Ubangiji. Ni ne zan hana shi runtsawa?”

Shekara talatin da bakwai ya yi a wannan ƙofa. Akwai Lahadin da aka ƙirga masu aikin dare ashirin da uku a bencinan nan biyu, har wasu a tsaye.

Karramawa

A ranar Lahadi, 14 ga Nuwamba, 2021, ikilisiya ta yi bikin Ranar Dattawa domin girmama tsofaffin da suka daɗe cikin hidima. Niyyar mai kyau ce, babu mai musun wannan. Zumuntar mata ta ɗinka wa Baba babbar riga, aka saya masa kujera mai katifa da sunansa a jiki, aka ajiye ta a sahun gaba kusa da bagade, inda fasto yake tsayawa, Fasto Gidiyon ya sanar cewa daga yau Baba ya huta. Aka yi tafi, aka ci shinkafa. Marubucin wannan tarihi yana cikin 'yan kwamitin da suka ɗaga hannu aka zartar da shawarar, kuma a cikinsu babu wanda ya tuna ya tambayi mai ƙofar ko yana so.

Aka miƙa ƙofar ga sababbin masu tsaro, waɗanda suka zo da tsari: da zarar an fara wa'azi za a rufe, domin shige da fice yana raba hankalin jama'a. Bokitin ma aka ɗauke shi, wai yana ɓata harabar.

Sau uku Baba ya je gaban kwamiti. A zuwansa na ƙarshe, cikin Fabrairun 2022, ya ce, “Fasto, na gode da kujera, Allah ya saka da alheri. Amma ku mayar da ni ƙofata. Daga gaban nan ina jin ana ƙwanƙwasawa, ba mai buɗewa.” Fasto ya amsa masa da ladabi, “Haba Baba, ai kun yi naku. Idan aka gan ku a tsaye a baya, cewa za a yi ba mu san darajar manya ba.” Aka rubuta cewa za a duba batun a zama na gaba.

Abin yana da ban takaici a rubuta. An koya mana mu girmama furfura, muka ɗauka girmamawa ita ce riga da wurin zama, alhali mutumin da muke girmamawa ba mu taɓa tsayawa mun ga mene ne ainihin aikinsa ba. Mun zaci ƙofa yake tsaro. Kafin shekara ta zagayo, masu aikin dare sun ragu zuwa biyar, domin babu wanda zai kwana a kan inji ya zo ya tsaya a rana yana jiran a buɗe masa.

Shekarun Ƙarshe

Daga farkon 2023 Baba ya daina zuwa da wuri. Yakan iso bayan an rufe, da sandarsa da 'yar kujerar katako, ya zauna a inuwar katanga tare da duk wanda ya makara, ya karanta musu Maganar Allah, su yi addu'a. Kujera mai katifa ta zauna babu kowa a gaban jama'a, abin ya zame wa kwamiti abin kunya, aka tura dattawa biyu su ba shi haƙuri. Ya saurare su har suka gama, ya ce, “Ba fushi nake ba, 'yan'uwa. Na gaji ne da waiwaye, wuyana ciwo yake.”

A haka ya ci gaba har ciwon ƙirji, wanda ya daɗe yana fama da shi tun zamanin jima, ya kwantar da shi a watan Janairun 2024.

Rasuwa da Jana'iza

Baba Timotawus ya rasu a gidansa da ke Panshekara ranar Talata, 12 ga Maris, 2024, yana da shekara saba'in da shida. An yi sujadar jana'izarsa ranar Asabar, 16 ga wata, da ƙarfe takwas na safe, majami'a ta cika, aka rufe ƙofa da fara wa'azi kamar yadda tsari ya tanada. An yi jawabai bakwai a kan amincinsa da tawali'unsa.

Da aka buɗe domin fitar da akwatin gawar, sai aka tarar da mutum sun fi talatin a tsaye cikin rana, yawancinsu da takalman aiki, wasu an yi shekara biyu ba a ga fuskarsu ba. Malam Mustapha yana gefensu a kan sandarsa. Sun iso tun wa'azi bai yi nisa ba, kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa a cikinsu. Su ne suka karɓi akwatin daga hannun dattawa suka sa a mota, aka binne shi a Gidan Tambai da la'asar, kusa da iyayensa.

Ya rasu ya bar matarsa, Mama Damaris, da 'ya'ya huɗu: Sila, Afiniki, Barnaba da Lidiya, da jikoki goma sha ɗaya. Batun ƙofa kuwa, har ranar da ake rubuta wannan tarihi, yana nan a jerin abubuwan da kwamiti zai duba a zama na gaba.