Ranar da Goggo Ta Tashe Mu Daga Kwari

Jiya aka yi ruwa a unguwarmu ta Rusaifa, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya shigo ta taga, sai marigayiya Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai. Takan ce, "Ruwa ba ya shigowa sai ya yi sallama, mutane ne ba sa saurare."

Wata Asabar muka je da ita wani kwari a hanyar Ɗa'ifa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a bakin wani ƙaramin kogo. Mun yi shimfiɗa, shayi na tafasa, yaran Larabawa na wasa cikin ruwan, rana kuma kwal. Goggo ta kamfato ruwan da tafin hannu, ta ga ya soma ja, da ɓurɓushin ciyawa a ciki. Ta miƙe tsaye.

"Yalla, maza ku naɗe kaya mu hau sama. An yi ruwa a kan duwatsu, yana tafe."

Mijina ya ce, "Haba Goggo, ko shinkafar ba mu buɗe ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dogara sandarta, ta bi jama'a shimfiɗa-shimfiɗa da Larabcinta mai gargada, har kowa ya tashi, wasu na gunaguni. Muna isa kan titi muka ji ruri a bayanmu. Ambaliya ta share wurin, har da tukunyarmu. Wani dattijo Balarabe, riƙe da hannun jikarsa, ya zo ya sumbaci kan Goggo a gaban kowa.

Allah Ya jiƙan ki Goggo, Ya shayar da ke daga Alkausara.