Wanda Ya Tare Fakitin Alhaji

"Fakiti ne ke ɓacewa a hanya," na ce wa Alhaji, mai shagon kwamfuta a Kaura, da ya kira ni gyaran intanet. Yau ake rufe rajistar jarrabawa, ɗalibai sun cika shago, intanet kuma sai rarrafe take.

Ya dafe ƙirji. "Hanyar Zurmi? Har su anka fara tarewa?"

Na ce a'a, saƙon intanet gunduwa-gunduwa yake tafiya, su ake kira fakiti, sawunsu nake bi a laftof. Waya ɗaya ce ta cinye layin, tana ta tura bidiyon raguna.

"Faɗi sunan ɓarawon, kowa shi ji."

Na karanto sunan mai wayar da laftof ya nuna. Alhaji ya laluba aljihunsa a hankali ya kashe wayarsa, nan take intanet ta miƙe.

Jama'a, in maigida ne ɗan tare hanya, wa ake kai wa ƙara?