Sada Mai Lasifika da Zaɓin da Na Yi

Sada mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Daura, gajere, mai yawan shiru, kullum da ƙunar dalma a yatsunsa. A shekarar 1976, ina shugabar wata makarantar 'yan mata, na ba shi aikin haɗa mana lasifika domin bikin raba kyaututtuka.

Akwatin da ya ƙera yana da baki biyu, babba da ƙarami. Ya bayyana mini cewa a ciki akwai abin da ke raba sauti, kakkaura ya bi babban baki, siriri ya bi ƙaramin. Iri biyu na wannan abin raba sautin ya haɗa domin in zaɓa. Na farko 'yar na'urar rediyon nan da ake kira kwandansa ce ɗaya tak a cikinsa. Na biyu ya ƙara masa naɗin waya da ya warware daga tsohuwar fanka, ya yi kwana uku yana naɗawa da hannu.

Ya tsayar da ni a gindin darbejiya, taku hamsin daga akwatin, ya sa mataimakiyata Malama Murja ta yi karatu a makirfo. Na farko ya fi ƙara. Na biyu ya fi taushi, amma kowace kalma ta fito sarai.

"Malama, na farkon nan baki gare shi, ba shi da juriya," in ji Sada. "In aka buga ganga kusa da makirfo, ƙaramin bakin zai ƙone."

"Malam Sada, baƙi za su zo daga Katsina. So nake a ji mu har tasha."

"Ai kuwa za a ji ku," ya ce yana murmushi, "na ɗan lokaci."

Na farkon na zaɓa. Ranar biki ni da kaina na tsayar da makaɗa gaban makirfo. Kafin a gama waƙar maraba ƙaramin bakin ya ƙone, muryoyin ɗalibaina suka koma kamar daga cikin randa. Wani jami'in ilimi ya miƙe ya kira Sada ɗan koyo a bainar jama'a. Sada ya dube ni. Ni kuwa na sunkuya ina gyara jerin littattafan kyauta.

Daga nan masu biki da masallatai suka daina kiransa. Ya tattara kayansa ya koma Mashi, yana gyaran tocila da rediyon makiyaya. Sau biyu muka haɗu. Ya gaishe ni da ladabi, bai ta da maganar ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tayarwa ba.

Bara ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ina so 'yarsa Haulatu da ƙannenta su sani cewa mahaifinsu ya san aikinsa, kuma ya gargaɗe ni. Ni ce na zaɓa, ni ce kuma na yi shiru.