Idon da Na Kafa a Gonar Kawu

Har yau idan na ji ana buga filafili a gefen kwalekwale sai gabana ya faɗi. Da wannan ƙarar mutanen suka iso a ranar, kuma ban ga abin da zai goge min ita a rai ba.

Ina shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Aikin kammalawata shi ne na'urar korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Wani ɗan allon kwamfuta ne, bai fi tafin hannu ba, da kyamara kamar ƙwayar gyaɗa. Abin da ke haɗa su waya ce mai faɗi, siririya kamar tsagin kaba. Sai an ɗaga ɗan makullin roba da farce, a zura wayar haƙoranta na azurfa suna kallon inda ya dace, a mayar a hankali. Na yi makonni a ɗakinmu a Badariya ina wannan aiki, ina koya wa allon ya gane baƙaƙen ɗigo masu motsi a sama ya kunna jiniya. Ranar da hoton farko ya fito, ji na yi kamar na buɗe wa jariri ido.

Kawuna yana noma a fadama kusa da Argungu, a gonar da mutanen wani ƙauye suka ba shi aro. Can muka kafa akwatin a kan dogon itace, da batir da faifan sola. Da na juya kyamarar gabas rana ta cika mata ido, sai na mayar da ita yamma, wajen gulbi. Sama na duba, da kawunan shinkafa, da yadda iska ke kwantar da su. Ban duba ƙasan hoton ba. Kawu kuma bai san faɗin abin da ɗan idon nan ke gani ba.

Da na dawo bayan kwanaki don kwashe hotunan, muna cikin gona da hantsi muka ji ƙarar. Kwalekwale biyu cike da maza, suna bugun gefe. Ba wanda ya yi sallama.

Wani dogo ya nuna akwatin da filafili. "Wagga aba, an ce hoto ta ka ɗauka. Gaskiya na?"

Na ce, "Na tsuntsaye, Baba."

"Tsuntsaye ka wanka ga mashaya?"

Sai a lokacin na juya na bi layin kyamarar da idona. Bayan ciyawar kyauro, ga wata 'yar gangara da duwatsun wanki. Mashayar mata ce. Daga fitowar rana zuwa hantsi wurin nasu ne, ko masunci kan kewaye ta ɗaya reshen gulbin. Kowa ya san haka a ƙauyen, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa min. Kuma na'urata ba ta zaɓe, duk hoton da ta ɗauka ajiye shi take yi.

Wani ya ce a ƙone akwatin, wani ya ce ƙonewa ba ta isa ba, ai an riga an tura hotunan birni. Kawu ya shiga tsakanina da su, na ga bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. A hankali ya ce, "Ɗiyata, in akwai, hwaɗa min yanzu." Na sunkuyar da kai, domin na san akwai.

A ƙofar mai gari aka zaunar da mu. Ya ce idan an ga mace ko ɗaya, Kawu ya bar gonar da shinkafar da ke cikinta, abin da zai biyo baya kuma ba zai iya riƙe mazajen matan ba. Sai aka rasa mai dubawa, don ba namijin da zai yarda wani ya ga matarsa. Aka kira wata tsohuwa daga cikin gida, ta zauna kusa da ni a tabarma, maza suka juya baya.

Na zare katin ajiyar hotunan daga akwatin na saka a kwamfutata. Hoton da aka ɗauka da yammaci ya fara fitowa, ga mashayar tarwai a kusurwa, ba kowa, har duwatsun ana ƙirgawa. Na rufe ido na danna na safe.

Tsohuwar ta ce, "Buɗe idonki, jikata, ba cizo shi ka yi ba."

Duhu ne, shuɗi mai kauri da ɗan farin ɗigo. Na gaba ma haka. Muka bi safiya bayan safiya, babu komai sai wannan duhu, sai hantsi ya yi sannan sama ta dawo. Ta miƙe tana dafa gwiwa ta ce wa mai gari, "Ba kowa ciki. Abin nan makaho na da sahe, kamar ni." Wasu suka yi dariya, dogon bai yi ba. A ranar muka tuge itacen muka mayar da shi can ƙarshen gona, yana kallon tudu.

Na daɗe ina zargin raɓa, ko wayar kyamarar ce ke sassautawa da sanyin safiya. Na kwance na sake haɗawa ban ga laifi ba. Abin da na koya dai shi ne ido ba ya zama naka kai kaɗai don kai ka haɗa shi. Tun daga nan ban ƙara kafa kyamara a wuri ba sai na zauna da mutanen wurin, matan kafin mazan, na tambaye su abin da ke gabanta.

Bayan shekaru, na je gaisuwar rasuwar tsohuwar nan, matar Kawu ta gaya min sauran. Tun ranar da muka kafa akwatin tsohuwar ta tsaya a mashaya ta ga gilashin yana ƙyalli wajensu. Ba ta gaya wa maza ba, ta san halinsu. Kowace safiya sai ta riga kowa fita, ta ɗora tsohon zaninta shuɗi na rinin baba a kan doguwar gora ta lulluɓe akwatin, idan mata sun watse ta janye abinta.