Santimita Ɗaya a Kowace Mita

A makona na farko a shagon Kawu na lura cewa lambar da yake rubutawa a takarda ba ita yake bugawa a kwamfuta ba. Mutum zai zo ya ce yana son marfin kabad, faɗi ɗari huɗu, tsawo ɗari huɗu, da milimita suke awo. Kawu zai rubuta haka da fensir, ya je ya zauna gaban kwamfuta, ya buga ɗari huɗu a faɗi, a tsawo kuma ɗari huɗu da huɗu. In tsawon mita ɗaya ne sai ya ƙara santimita guda. Ba ya tsayawa lissafi, yana bugawa yana hira. Marfin kuwa yakan fito daidai yadda aka nema. Na ɗauka wani sirri ne na kafintoci, ban tambaya ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Na gama jami'a ina jiran aiki, Mama ta ce zaman ɗaki ya isa haka, in je in riƙa amsa masa waya ina rubuta abin da mutane suka ba da a yi musu. Ya ba ni kujera kusa da taga, inda garin katako bai cika kaiwa ba, ya sa mini suna Malama.

Ya yi shekara ashirin yana aiki da zarto da guduma kafin ya sayi injin. Injin sassaƙa ne mai aiki da kwamfuta, tebur ne na ƙarfe mai tsawon gado biyu, da wata gada da ke tafiya a kansa tana ɗauke da bakin yanka. Wani kamfanin allunan talla ne ya rufe ya sayar masa, tun lokacin ma injin ba yaro ba ne. Sai da aka fasa bangon shagon kafin ya shiga, har yau ana ganin inda aka sake ginin, don fentin bai zo ɗaya ba. Tsohon ma'aikacin kamfanin ya zo ya koya masa aiki na kwana uku ya tafi. Duk abin da Kawu ya sani game da injin, daga kwana ukun nan ne da kuma shekara goma sha ɗaya da ya yi a kansa.

A cikin shekarun ya tara zane ɗari shida da goma sha biyu. Kowanne da sunan da ya ba shi: ƙofar mai kemis, gadon malamar firamare, kantar mai gyaran agogo ta biyu. Da waɗannan zane yake riƙe da mutanensa. In marfi ya tsage bayan shekara biyar, ba sai an sake awo ba, zai buɗe zanen ya yanka wani irinsa sak, har furen da ke tsakiya. Kafintoci sun yi yawa a layin, amma babu mai iya wannan sai shi.

Wata safiya ya kunna injin, muka ji ƙaurin roba. Akwatin da ke sarrafa injin ne, mai girman ƙaramin firij, ya yi hayaƙi ya mutu, ya tafi da tsohuwar kwamfutar. Kawu ya kashe wuta, ya buɗe tagogi, ya ce in nemo masa lambar Injiniya a littafi.

Injiniya mutum ne siriri mai furfura a gemu, yana gyaran injinan masaƙa da na buga takardu. Ya zo da jaka biyu, ya leƙa cikin akwatin, ya hura, garin katako ya taso masa a fuska.

"Maigida, wannan ba gyara yake so ba, jana'iza yake so," ya ce. "Waɗanda suka ƙera shi ma sun manta da shi. Amma ƙarfen lafiyarsa lau, motocin lantarkin da ke motsa shi ma haka. Mu bar gangar jikin, mu canja masa ƙwaƙwalwa."

"Zanena fa?"

"Zan ciro su daga tsohuwar kwamfutar."

"Za su yi aiki?"

"In sun fito, za su yi."

Washegari ya dawo da su a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta. Ya yi bayani cewa zanen kansu, waɗanda ake iya buɗewa a ja layi a gyara, sun tafi tare da tsohuwar manhajar, wadda ba za ta hau sabuwar kwamfuta ba. Abin da ya tsira shi ne umarnin yanka, wato jerin lambobin da injin ke karantawa, je nan, sauka, juya. Za a iya yanka su yadda suke, amma Kawu ba zai iya gyara su ba. Kawu ya karɓi filas ɗin ya sa a aljihun gaba ya maɓalle.

Aikin ya ci kwana biyar. Injiniya ya fara da bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana naɗa wa kowace farin tef yana rubuta inda ta fito. Mutum biyu ne suka fitar da tsohon akwatin. Da ya ciro sabuwar ƙwaƙwalwar daga leda, wani bod ne na lantarki, bai wuce tafin hannu ba, Kawu ya duba cikin jakar.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan."

"Injiniya, ka dube ni da kyau. Wancan da aka fitar sai da na yi ciwon baya."

"Wayarka ta farko ma ai da ita ake danne takarda."

Ya ɗaura bod ɗin a sabon akwati mai marfi da fanka, ya jera ƙananan na'urori uku a gefensa, kowace tana tuƙa moto ɗaya. Ya canja wayoyin motocin da masu rigar ƙarfe, ya ce in ba haka ba bakin yanka na fara juyawa injin zai riƙa jin muryoyi, yana bin umarnin da ba a ba shi ba. Ya sa maɓallai a ƙarshen kowace hanya don gadar ta san inda za ta tsaya, da wani babban jan maɓalli na tsayar da komai. Kawu yana tsaye a bayansa duk tsawon kwanakin, yana miƙa sukudireba tun ba a nema ba.

Matar Kawu takan kawo abincin rana da kanta, don gidan yana bayan shagon. A rana ta uku ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wayoyin da ke zube.

"Injiniya, an ce in ka gama zai daina kuka?"

"Kukan motoci zai ragu, Hajiya. Na yanka yana nan."

"To me ka gyara? Shekara goma sha ɗaya ban ji ƙarshen labarai a rediyo ba."

"Kwana uku ke nan shiru," in ji Kawu, "kuma kullum sai kin leƙo kin tambaya yaushe za a tayar."

"Don ka fita daga tsakar gidana ne."

A rana ta biyar Injiniya ya shimfiɗa doguwar rular ƙarfe a kan teburin. Ya umarci injin ya tafi mita ɗaya, ya auna, ya canja wata lamba a kwamfuta, ya sake. Ya yi haka a faɗi, ya yi a tsawo, ya yi a sama da ƙasa, har sai da bakin yanka ya riƙa tsayawa a kan layin rular ba gaba ba baya. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwoyinsa.

"Bismilla, Maigida. Kawo aikinka."

Akwai aiki yana jira. Mai kemis ta aiko da marfin kabad ɗinta da ruwa ya kumbura, wanda Kawu ya yi mata shekara shida da suka wuce, tsawonsa mita ɗaya da santimita ashirin. Kawu ya ɗaure katako, ya buɗe zanenta, ya danna. Injin ya tafi sumul, babu tsohuwar rawar da yake yi a kwana. Da ya gama Kawu ya ɗora sabon marfin a kan tsohon. Faɗi ya zo ɗaya. A tsawo sabon ya leƙo da kaurin ɗan yatsa.

"Injinka ya yi ƙari," in ji Kawu.

"Injinka dai. Kuma bai yi ba, a gabanka na auna."

"Ga katako yana magana."

"Ga rula ma tana magana."

Kawu ya ɗauko ragowar katako, ya buɗe zanen saman wani zagayayyen tebur. Ya fito kamar ƙwai. Ya buɗe na uku, gaban wata durowa, shi ma ya yi tsawo. Injiniya ya sake shimfiɗa rula, injin ya sake tsayawa a kan layi. Kawu ya kashe injin. Ya jawo benci ya zauna, ya ciro filas ɗin daga kwamfutar yana juya shi a hannu.

Na daɗe ina shirya maganar a raina kafin ta fito, kuma da ta fito sai da Injiniya ya ce in ƙara murya.

"Kawu, ko ƙarin nan ne da kake yi?"

"Wane ƙari, Malama?"

"In an ce ɗari huɗu, kana buga ɗari huɗu da huɗu. A tsawo kawai."

"Wannan ai ba ƙari ba ne. Haka ake yi wa inji magana. A tsawo ana sa ɗaya bisa ɗari."

Injiniya ya ajiye rular. "Wa ya ce?"

"Wanda ya koya mini."

"Kowane inji?"

"Wane inji na taɓa tuƙawa ban da wannan?"

Injiniya ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin gadar da tocila. Ya jima, sannan ya fito da baƙin mai a goshi. Ya ce giyar ƙarfe mai haƙora da ke jan gadar a tsawo ba ta asali ba ce. Wani ya taɓa canja ta tun a kamfanin, ya sa wadda ta ɗan fi ƙanƙanta, bai gyara lambar da ke cikin akwatin ba, wadda injin ke auna tafiyarsa da ita. Tun daga ranar injin ke rage santimita ɗaya a kowace mita. Maimakon su gyara lamba ɗaya, sai suka koya wa kowane ma'aikaci ya riƙa ƙarawa. Tsohuwar lambar tamanin ce. Ta gaskiya, wadda ya samu da rularsa, tamanin da ɗigo takwas.

"Kenan zane ɗari shida da sha biyu duk da ƙarin a cikinsu," in ji Kawu.

"Duk."

"Kuma ba sa gyaruwa."

"A hannunka dai a'a." Injiniya ya goge goshinsa. "Amma da mafita. In yi maka saiti biyu. Ɗaya na tsofaffin zane, ɗaya na gaskiya don sabon aiki. Kafin ka yanka sai ka zaɓa."

Kawu ya dubi katakon da ya yi kamar ƙwai.

"Ranar da mutum uku suka tsaya a kaina kowa na sauri, zan manta in zaɓa. Ko ban manta ba, hannun nan shekara goma sha ɗaya yana ƙarawa, ban ma san yana yi ba sai da yarinyar nan ta faɗa. Zai ƙara a inda ba a so. Mayar masa da tamanin ɗinsa."

"In mayar da inji ya koma ƙarya?"

"Ni da shi mun fahimci juna a haka."

"Maigida, kwana biyar na yi a nan. Gobe wani ya zo ya ɗora rula, ya tambaya wa ya yi aikin, a ce ni."

"Sai in ce ka yi daidai, ni na ɓata."

Injiniya ya buɗe shafin saitin, ya nuna wurin da bakin sukudireba, ya ja da baya ya harɗe hannuwa.

"Ga shi nan. Ni dai ba da yatsana ba."

Kawu ya sa tabarau. Ya nemi maɓallin gogewa, ya danna sau biyu da yatsa ɗaya, takwas ɗin ya tafi, ɗigon ya bi shi. Ya tambaye ni ko sai ya danna wani abu kafin ya zauna, na nuna masa.

Ya ɗaure sabon katako ya sake yanka marfin mai kemis. Ya ɗora a kan tsohon, ya shafa gefunan huɗu da babban yatsa, babu inda ya leƙo. Injiniya ya yanki farin tef ya manna a cikin marfin akwatin, ya rubuta lambar gaskiya da kwanan wata, ya ƙara da cewa mai shi ne ya canja da hannunsa. Kawu ya karanta, ya ce rubutun ya yi kyau. Suka ci abincin da ya riga ya huce, Injiniya yana ba shi labarin wata masaƙa da ɓeraye suka cinye wa wayoyi.

Bayan ya raka shi bakin titi, Kawu ya ce in kira mai kemis in gaya mata marfinta zai iso gobe in fenti ya bushe. Sannan ya fitar da marfin waje, ya jingina shi da bango a inuwa, ya naɗe samfefa a guntun katako ya fara goge gefensa.