Maɓallin Kawu Hattara

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yarda da wani ɗan Adam ba. Idan ka yi masa sallama sai ya shafa aljihu kafin ya amsa. Unguwa ta laƙaba masa Hattara, don da kalmar yake sallamar kowa, har jikokinsa idan za su banɗaki. Sana'arsa dakon ƙwai: ya ɗauko kiret-kiret daga gonar kaji ta bayan gari, ya rarraba wa masu shaguna.

Abin dakon kuwa wata a-kori-kura ce da ta girmi duk 'ya'yansa. Har yau ana gardama a kan asalin fentinta. Da igiya ake ɗaure ƙofar fasinja, gilashin gefe guda leda ce, kuma tarinta na safe shi ne agogon maƙwabta. Wannan dukiya ce Kawu ya tabbata ɓarayin duniya sun hana idonsu barci a kanta.

Ranar da aka sace motar mai burodin bakin titi, sabuwa fil, Kawu ya shigo gida fuska a murtuke.

"Ni suka zo nema," ya ce. "Kuskuren layi suka yi."

Inna, matarsa, ba ta ɗago daga wanke-wanke ba. "Malam, duk wanda ya ɗauki motar nan taka ai taimakonmu ya yi. Sai dai mu bi shi da sauran igiyar ƙofa."

Washegari ya tafi wajen mai wayarin mota. Mutumin ya yi masa bayani: za a yanke wayar da ke kai wa inji wuta, a sa ɗan maɓalli a tsakani, a ɓoye shi. In ba a danna ba, ko ka murɗa makulli har hannunka ya gaji, mota ba za ta tashi ba. Aka sa shi a ƙarƙashin sitiyari. Kawu ya taho yana murna, amma kafin ya iso gida murnar ta koma ciki, domin ya tuna akwai mutum ɗaya da ya san wurin. Sai ya kai wa wani mai wayarin a ɗaya gefen gari ya sauya masa wuri. A hanyar dawowa ya gano cewa shi ma wannan yana da idanu.

Ƙarshe dai ya sayi filaya da salatif, ya shigar da motar zaure, ya kore mu duka, ya yi aikin da kansa. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maƙwabci.

Daga ranar tayar da mota ya zama wasan kwaikwayo. Kawu zai zauna, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi sama ko akwai wani a kan rufi. Sai ya taɓa madubi, ya buɗe akwatin takardu ya rufe, ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya sosa baya, ya yi tari. A cikin waɗannan akwai dannawa ta gaske, sauran duk na ɓad da sawu ne. Matan layin har kujeru suke fitowa da su.

Aikin hannun Kawu ya nuna kansa wata rana da tsakar rana, a babbar mararraba. Motar ta faɗa wani rami, maɓallin ya girgiza ya kashe kansa, inji ya yi tsit. Kawu ya san abin da ya faru sarai. Dannawa ɗaya ta isa. Amma ga motoci a baya suna ta hon, ga ɗan sandan da ke ba da hannu ya leƙo ta taga, ga masu talla sun kewaye shi.

"Baba, mai ne ya ƙare?" in ji ɗan sandan.

"A'a, haka take yi in ta ga taro."

"To gwada mana."

Kawu ya murɗa makulli, da sanin cewa ba za ta tashi ba. Ya gwammace a tura shi. Bayin Allah suka haɗa ƙarfi suna turawa suna gumi, yana sakin kuloci, motar tana zabura, kiret na zamewa. Sai da suka gaji suka watse, ya tabbata ba kowa, sannan ya danna abinsa. Ya iso gida bayan mota na ɗigar ƙwai, ƙudaje na yi masa rakiya.

"Amma ba wanda ya gani," ya gaya wa Inna, yana ta fara'a.

"Madalla," ta ce. "Sai ka gaya wa mai gona haka."

Bayan wani lokaci ya zame a bakin rijiyar gida ya karya ƙafa. Aka ɗaure ta, likita ya hana shi tuƙi. Ƙwai kuwa ba ya jiran kowa. Mijin Auta, ƙaramar 'yarsa, direban bas ne mai haƙuri, shi ya ce zai riƙe aikin kafin Kawu ya warke.

"Baba, sai ka nuna mini wurin," ya ce, yana durƙushe.

"Wane wuri?"

"Na maɓallin."

Kawu ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. "'Yata na ba ka. Ban ce har da mota ba."

Aka yi ta roƙo, ya ƙi. Dabarar da ya kawo ita ce: kullum da safe a ciccibe shi a kai shi mota, a lulluɓe shi da zanen gado, kowa ya juya baya, ya danna, a dawo da shi ɗaki. Sharaɗi kuma, kada suruki ya kashe inji sai ya dawo. Haka bawan Allah ya yi ta yawo da mota a kunne. Yana sauke kaya tana ruri, yana cin abinci tana ruri, mai yana ƙonewa. Rannan ta mutu masa a kan gada, dole ya ɗauki hayar babur ya zo gida, aka ɗora Kawu da ƙafarsa a miƙe kamar bindiga, Inna na biye da zanen gado.

A nan haƙurin suruki ya ƙare. Washegari, bayan an gama bikin lulluɓi, ya wuce wajen mai wayarin farko. Mutumin ya bi waya da yatsa, sai ga ta ta shige cikin soson kujerar direba, ta wata yaga da Kawu ya toshe da tsumma. Ya yi dariya har da hawaye, ya haɗe wayoyin biyu ta baya, ya bar maɓallin a wurinsa yana ƙas-ƙas ba aikin komai.

Kafin yamma gida duka ya sani. Kafin mako ya zagayo, layin duka. Ba wanda ya gaya wa Kawu. Da ya warke ya koma kujerarsa, ya ci gaba da taɓa madubi da sosa baya. Motar ta daina mutuwa a rami, ya ce ai aikin hannunsa ne ya zauna. Ba a sace ta ba, ya ce ai dole. Har mai burodi ya je yi wa nasiha.

Bara idanunsa suka yi rauni, ya ajiye tuƙi. Wata safiya ya aika a kira Auta. Ina gidan, ina jin su ta taga. Ya sa ta rufe ƙofa, ya sa ta matso.

"Ke kaɗai zan gaya wa," ya ce. "Yayyenki bakinsu ba ya riƙe magana. In kin zauna a mazaunin direba, ki sa hannu a ƙarƙashin cinyarki ta hagu, akwai tsumma. Ki zare shi a hankali."

 Na zaci dariya za ta ƙwace wa Auta. Sai na ji ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "A cikin kujera, Baba? Wallahi ba wanda zai taɓa kawowa a ransa."

"Shi ya sa nake ubanki," in ji Kawu. "Kuma kada ki gaya wa mijinki. Yaron kirki ne, amma direba ne."